Wasiƙa zuwa ga ɗana game da filin kanwa

Zariya,
daren Laraba.

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen da suka sauke ka. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya.

Na rubuto maka ne saboda in waya muka yi, "to Baba, to Baba" kake ta yi har mu gama, ban san abin da ya shiga kunnenka ba. Wannan kuwa ina so ka zauna ka karanta, in ka gama ka sake.

A bakin kawunka na ji, wurin ɗaurin aure a Tudun Wada, cikin mutane, wai ka ba da kafin alƙalami a kan wani fili arewa da Yusufari, za ka haƙa rijiyar burtsatse, ka sa famfon sola, ka noma albasa da tumatir. Na gyaɗa kai kamar na sani. Da na dawo gida ƙanwarka ta nuna mini hotunan da ka tura mata, na sa tabarau na duba su ɗaya bayan ɗaya. Fili ne a kwari tsakanin tuddan rairayi, ga goriba a gefe. Ga farin ɓawo a kan ƙasa, ga wasu wurare baƙaƙe masu sheƙi, ciyawa tsibi nan tsibi can, tsakaninsu fako. Kai kuma ka rubuta mata cewa ba dutse, ba kututture, ruwa a kusa, ga araha. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ƙuruciyata duka a ramin awon ƙasa da ɗakin gwaji na Samaru ta ƙare, da wannan aikin na ciyar da ku. Saboda haka ka saurare ni a kan abin da na sani.

Kai ɗan Zariya ne, ƙasar da ka tashi ka gani ita ce ta gonarmu ta hanyar Shika. Nan ruwan sama yana kai milimita 1,000 a shekara, yana wanke gishiri ya yi ƙasa da shi, shi ya sa ƙasarmu ta fi karkata ga tsami. Can inda kake da ƙyar ake samun rabin haka, kuma abin da rana da iska ke zuƙewa ya ninka abin da sama ke bayarwa. A irin kwarin nan ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa. Yana tsattsafowa sama ta ƙananan ƙofofin ƙasa, rana ta shanye ruwan, gishirin da ya ɗauko ya zauna a sama. Shekara da shekaru haka ake yi. Kanwar da ake lodawa daga ƙasar Manga a kawo mana kasuwar Sabon Gari ta haka take samuwa. Wato kusancin ruwan da ya burge ka shi ne tushen ciwon filin.

Irin wannan ƙasa kashi uku muke raba ta, bisa rabon da masana gishirin ƙasa na Amurka suka fitar a 1954, har yau kuma da shi ake aiki. Akwai mai gishiri zalla. Ana jiƙa ta a tace ruwan a auna yadda yake ɗaukar lantarki, in ya wuce desisimin 4 a mita ta shiga wannan aji. Ita ce mai farin ɓawo, a taswirar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ana kiranta Solancak. Shuka a cikinta ƙishi ke kashe ta alhali ƙasar a jiƙe take, domin gishirin yana riƙe ruwan ya hana saiwa sha. Za ka ga bakin ganye ya ƙone, tsiro ya tsumbure. Duk da haka ita ce mai sauƙin, don ruwa yana ratsa ta, in akwai ruwa mai daɗi da magudanar da zai fita ana iya wanke ta.

Ta biyun ita ce abin tsoro, ƙasar kanwa, wadda ake kira Solonets. A nan sinadarin sodiyam ne ya kama ƙwayoyin laka, ya mamaye fiye da kashi 15 cikin 100 na guraben da kalsiyam da 'yan'uwansa ya kamata su zauna, ma'aunin pH, mai nuna tsamin ƙasa ko kanwarta, kuma yakan haura 8.5, wani wuri har 10. Laka mai lafiya dunƙulewa take yi ta bar ƙofofi, ruwa da iska su wuce. Wadda sodiyam ya kama kuwa watsewa take yi, ta toshe kowace ƙofa. In an yi ruwa ta zama taɓo mai santsi, ruwan ya kwanta a kai kwana da kwanaki, amma ka tona da yatsa za ka tarar da busasshiyar ƙasa. In ta bushe fartanya tsalle take yi a kanta. Baƙin nan mai sheƙi da na gani a hotonka ruɓaɓɓen ganye ne da kanwa ta narkar ta ɗago da shi sama. Na tabbata wanda ya zagaya da kai ya nuna maka shi ya ce taki ne. In ka haƙa rami ka kankare bangonsa da wuƙa, a ƙarƙashin 'yar ƙasar sama za ka ga laka ta tsattsage ginshiƙi-ginshiƙi, kawunansu a mulmule da fari-fari, kamar an jera tubalin ginin gargajiya na cikin birni a tsaye. Saiwa in ta iso nan sai ta lanƙwashe ta bi gefe. Na ga wannan da idona, na kuma ga manoman da suka yi kuka a kansa.

Ta ukun ta haɗa duka biyun, gishiri da kanwa, kuma zuciyata ta fi ba ni cewa filinka ita ce. Ita ce ta fi yaudara. Gishirin da ke cikinta yana riƙe lakar kada ta watse, sai ka ga ruwa yana shiga lafiya. Ka kwarara mata ruwa da niyyar wanke gishiri, gishirin ya sauka, sodiyam ya tsaya, ta rikiɗe ta zama ta biyun da hannunka. Kafin a wanke irinta sai an fara zuba jifsam, wani farin dutse mai taushi, kalsiyam ɗinsa ya ture sodiyam daga jikin laka, sannan a bi da ruwa. Ana samun jifsam a Yobe wajen Fika, amma ba maganar buhu biyu ake yi ba, tan-tan kowace hekta take ci, ga kuɗin mota. Bayan haka ruwan wankin yana bukatar inda zai tafi. Kai kuwa filinka kwari ne, duk ruwan yankin nan yake taruwa. Ina za ka kora shi?

Sannan cikin duk amfanin gona ka rasa abin da za ka zaɓa sai albasa. Albasa tana fara raguwa tun ma'aunin gishiri yana 1.2, tumatir 2.5. Dawa takan jure har 6.8, alkama 6, auduga 7.7. Ka ɗauko mafi raki ka kai inda mafi juriya ma sai ta yi da gaske. Ruwan rijiyar da za ka haƙa kuma ka auna shi? Ruwan da ya nuna 1 kacal a ma'aunin nan, wanda za ka sha ka ce garɗi gare shi, yana ɗauke da kusan miligiram 640 na gishiri a kowace lita. Noman albasa ɗaya yana shan wajen milimita 500, wato lita miliyan 5 a hekta. Ka buga lissafin da kanka, kai ne ɗan boko: tan 3 da ɗoriya na gishiri kake zuba wa kowace hekta duk rani, a wurin da damina ba ta da ƙarfin wanke shi.

Da na san shukar farko za ta ƙi fitowa, da hankalina ya kwanta, ka yi asarar iri ka dawo gida. Abin da ke hana ni barci shi ne ta yi kyau. Irin filin nan yakan ba da shekara ɗaya, wani lokaci biyu, in sabon ruwa ya danna gishirin ƙasa kaɗan. Na san ka sarai. Ranar da ka loda albasa a mota za ka ce tsoho tsoro ne ya yi masa yawa, ka ƙara fili, ka ƙara rijiya, ka ciwo bashi. A shekara ta uku fari ya fara fitowa a kan kunya, tsiro ya fito wuri-wuri, ka ƙara taki kana zaton yunwa ce ke damun shukar, alhali takin zamani shi ma gishiri ne. Lokacin da za ka gane, kuɗin sun shige ƙasa.

Kuɗin wa? Wannan ita ce tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na san abin da ke hannunka, na san bai kai kuɗin rijiya da sola ba. An ce mini shanun yaran nan kake shirin sayarwa. Babana, in gaskiya ne, ka ji tsoron Allah. Shanun nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne, yayanka ya bar wa 'ya'yansa. A zaure, daren sadakar arba'in, gaban kawunnanka, na ce kai za ka riƙe su, wasu suka so su yi magana na hana. Har yau akwai wanda ba ya sakin fuska da ni saboda wannan. Ka haddace Suratun Nisa'i, ka san abin da aya ta 10 ta ce game da dukiyar marayu. Na yarda niyyarka ka juya musu ita ta ƙaru. Amma ranar da babban cikinsu ya girma ya zo ya tsaya a ƙofar gidan nan ya ce ina shanun ubana, niyya za ka nuna masa, ko farin fili a Yusufari? Ni lokacin wataƙila ba na nan. Kai za a nuna da baki a unguwa, 'ya'yanka su tashi da wannan suna. Talauci mun san shi, mun ci tuwo ba miya a gidan nan ba wanda ya ji. Cin amanar maraya kuwa ba a taɓa jin sa a zuriyarmu ba, kuma ba ta kanka za a fara ba ina raye.

Sannan ka yi wannan duka a ɓoye. Uban da ya yi rayuwarsa yana auna wa baƙi ƙasa, ɗansa ya je sayen fili bai ce masa uffan ba, sai a taron biki zai ji. Na san kuna cewa ina da tsanani, kowace shawara aka kawo mini sai na ce a dakata. A shekarar kaji ban ce a dakata ba? Ban sake tayar da maganar ba tun daga lokacin, yanzu ma ba gori nake maka ba. Amma mutanen da suka gaji wurin kaka da kakanni, suka san kowace rijiya da kowane kwari, suka bar filin nan ba su noma ba, har suka sallama maka shi a wannan farashi, ba ka tambayi kanka dalili ba? Araha ba ta ado.

To, ya isa. Na san ba lalaci ya kai ka can ba. Samari nawa ne tsaranka ke zaune a bakin titi a Kwangila suna jiran a ba su? Kai ka bar gida ka tafi inda ba ka da kowa don ka nemi na kanka, kuma ina alfahari da wannan ko da ban saba faɗa maka ba.

Filin ma ba na banza ba ne, makiyaya ce. Makiyaya da kansu suke kora dabbobi wuraren kanwa su lasa, mu nan da kuɗi muke sayo ta mu jiƙa wa tumaki. Goriba, aduwa, bagaruwa da ciyawar ƙiri-ƙiri duk suna jure irin wannan ƙasa, dabino ma haka. Abin da ke riƙe da ita shi ne 'yar siririyar ƙasar sama da saiwar ciyawa. Ranar da ka sa tarakta ta birkice ta, ka ɗago lakar kanwa sama, iskar hunturu ta kwashe mai kyan, ka mai da makiyaya fako, ko akuya ba za ta samu abin tsinka ba. In kiwo kake so ka yi a can, bisa yardar mutanen wurin da sanin burtalinsu, wannan magana ce da za mu iya zama a kanta.

Yanzu ga abin da nake so ka yi, kuma umarni ne. Kada ka ƙara ba da ko sisi, kada ka taɓa saniya ko ɗaya. Ka sa a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi, ɗaya a inda farin yake, ɗaya a inda ciyawa ta fi kyau. A kowanne ka ɗebi ƙasa kamar cikin mudu daga sama zuwa santimita 30, sai 30 zuwa 60, sai 60 zuwa 100, kowacce a ledarta da takarda a ciki. Kada ka zuba a buhun taki. Ka bar ramukan su kwana, ka duba ko ruwa ya tsattsafo, ka auna zurfinsa. Ka ciko sabuwar gora da ruwan rijiyar da ta fi kusa. Kafin sakamako ya fito kai ma ka gwada: ka jefa busasshen ɓarɓashin laka na ƙasan ramin a kofin gilashi mai ruwa marar gishiri, kada ka motsa. In ka ga ruwan da ke kewaye da shi ya gurɓace ya yi fari-fari, kanwa ta kama ta. Kuma kada wani ya sa ka zuba toka ko farar ƙasa da sunan gyara, wannan maganin ƙasa mai tsami ne irin tamu, a can ƙara ciwo zai yi.

Ka ba direban da ke zuwa Kano, ƙaninka zai je ya karɓo, ni da kaina zan kai Samaru, kuɗin gwajin kuma a kaina. In sakamako ya nuna filin zai nomu, zan faɗa maka gaskiya, sai mu nemi kuɗin ta wata hanya ban da ta marayu. In bai nuna ba, ka je da dattijo ku roƙi a mayar maka da kafin alƙalaminka, abin da suka hana ka bar musu.

Mahaifiyarka ba ta san maganar shanun ba, ban kuma so ta ji a bakin wani. Ta ce in gaya maka ka riƙa rufe ƙirjinka da dare, ta kuma ba da yaji da kuka a kai maka. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka faɗa mini da bakinka ko shanun suna nan.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya ba ka halal mai yalwa.

Wassalam,
Mahaifinka.