Rahoton Ayyukan Shekara: Ɗakin Baƙin Rami da Sauran Hidimomin Ƙungiya

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, hajiyoyi, malamai da 'yan'uwa matasa mazauna Jidda, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta yi a shekarar da ta ƙare.

Hidimomin da aka saba sun gudana lafiya: buɗa-baki a watan azumi, karatun yara ranar Asabar, da duba marasa lafiya. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta a zauren taro.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne ɗakin baƙin rami, wanda muka buɗe bayan Hajji a istirahar da muka kama haya, wato gidan shaƙatawa da taro. Baƙin rami wuri ne a sararin samaniya inda nauyi ya dunƙule har ko haske ba ya kuɓuta daga jansa. Duniya ta fara ganin hotonsa ranar 10 ga Afrilu 2019, na wani rami mai nauyin rana sau biliyan 6.5 da ke tsakiyar gungun taurarin da ake kira M87. Matasanmu suka ce su ba hoto za su rataya ba, so suke mutum ya shiga ciki da ƙafarsa.

Hajiyoyi masu ɗinki suka lulluɓe ɗakin da baƙin yadi, ba inda haske ke leƙowa. Masu aikin lantarki suka kafa babban zoben fitilu ruwan lemo irin zoben hasken da ke cikin hoton, 'yan mata ɗalibai kuma suka tsara yadda kwamfuta za ta juya hasken. Dattawa da yawa sun tambayi dalilin da gefe ɗaya ya fi haske, ko fitila ce ta mutu. Da gangan aka yi. Iska mai zafi tana kewaya ramin da gudun da ya kusa na haske, kuma ɓangaren da ke tahowa wajen mai kallo shi ke fin ƙyalli.

A ganina sautin ne ya fi komai tasiri. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka, masu auna girgizar sararin samaniya, suka kama girgizar karon baƙaƙen ramuka biyu, wadda ta yi tafiyar kimanin shekara biliyan 1.3 kafin ta iso mu. Idan aka mayar da ita sauti, tana tashi daga ƙasa ta yi sama kamar kalangu in an matsa tsarkiyarsa, cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Yaranmu suka ja tsawonta, suka sa lasifika a ƙarƙashin katakon da ake takawa. Wani baba da ganinsa ya yi rauni ya cire takalmi ya tsaya, ya ce a sake, aka sake masa har sai da ya gamsu. Wannan kaɗai ya isa ladan wahalar da aka sha.

Zafi ya dame mu ƙwarai, don yadin yana tare sanyin na'ura, dole aka riƙa shigar da mutane kaɗan-kaɗan.

Baɗi in Allah ya kai mu, muna son ƙara ɗaki na biyu kan Sagittarius A*, ramin da ke tsakiyar namu gungun taurarin, wanda hotonsa ya fito a 2022. Muna kuma neman gudummawar kai ɗalibanmu birnin Riyadh su ga bikin fitilu na Noor Riyadh da cibiyar zane-zanen fasahar zamani ta Diriyah Art Futures. Kayan ɗakin yanzu suna rarrabe a gidajen membobi. Duk mai wurin ajiya busasshe, don Allah ya ga sakatare bayan taro.