A Tallafa Wa Masu Hidimar Nakasassu 'Yan Gudu A Jos

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan shugabannin ƙungiyoyin sa kai masu taimakon nakasassu 'yan gudu a nan Jos. Wallahi suna ƙoƙari, ba albashi ba alawus, su ne kuɗin mota, su ne takalmi, su ne nemo wanda zai riƙe igiya ya yi gudu tare da makaho, kuma dole ɗan rakiyan ya kai shi sauri, samunsa ba wasa ba. Ajibola Adeoye mai hannu ɗaya fa ya ciyo mana zinare 2 a gudu a gasar nakasassu ta duniya (Paralympics) a Sifaniya a 1992. Masu hali na Filato ku shigo kwamitocin ƙungiyoyin nan mana, ko takalman ku ɗauke musu.

Naku,
mai karatu daga Jos.