Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Ɗaga Mini Mota

Zuwa ga Manaja,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Sau biyu ina kawo muku wannan kuka, sau biyu yaranka suna ce mini kwamfuta ta nuna komai lafiya. Shi ya sa na fito da maganar fili.

Na kawo muku Hilux ɗina kuka ƙara mata tsayin inci 3, da sababbin sifirin da shokazoba, saboda hanyoyin daji da nake bi. Aka ce mini an yi mata saitin tayoyi. Tun ranar da na karɓe ta, da zarar na ɗan taka ta a kan kwalta sai ta riƙa yawo, dama da hagu, hannuna biyu ba sa barin sitiyari. In na sha kwana kuma, sitiyarin ba ya komawa tsakiya sai na mayar da shi da kaina. Da iyalina nake shiga motar nan, ranka ya daɗe.

Da ƙyar na samu takardar awon da injinku ya fitar. Cikin kusurwoyi ukun da ake dubawa, tsukewar gaban tayoyi kaɗai aka taɓa. Kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje, tana nan yadda ɗagawar ta bar ta, kuma gefen tayar hagu har ya fara cinyewa. Amma babban abin shi ne kasta, jinginar da sandar juyawar ƙafar gaba ke yi zuwa baya. Ita ce ke sa mota ta miƙe ɗoɗar, ita ke dawo da sitiyari bayan kwana. Tawa ko digiri 1 ba ta kai ba.

Duk bakaniken da ya san aikin nan ya san cewa motar da ƙafafunta na gaba ke motsi kowace daban, in aka ɗaga ta, hannuwan da ke riƙe ƙafar suna sunkuyawa, kastar ta ragu. Masu wannan sana'a kan nemi wajen digiri 3, musamman in an sa manyan tayoyi. Sau da yawa kusoshin saitin da motar ta zo da su ba sa isa su dawo da ita, sai an sauya hannun sama da wanda aka ƙera don mota mai tsayi. Wannan ba laifi ba ne a faɗa wa mai mota. Abin da ya ɓata mini rai shi ne babu wanda ya buɗe baki ya gaya mini, ko kafin aikin ko bayansa. Da na sani, da na saya tun farko, ko kuma in tsaya a inci 2.

Ina roƙon ku sake ɗora motar a kan injin, da kayan da na saba ɗauka a cikinta, tunda yanzu sifirin ɗin sun zauna. A gyara kasta da kamba kafin a koma kan tsukewar, a ɗaure kusoshin bushin, wato robobin da ke mahaɗar hannuwan ƙafa, alhali mota tana tsaye a kan ƙafafunta, a ba ni takardar awon farko da na ƙarshe. Tayar da ta lalace kuma, ku ne za ku biya ta.

Ina jiran kiranku cikin makon nan.

Naku,
Mai Hilux ɗin da kuka ɗaga