Yaranmu Su Koyi Taimako, Amma a Rufa wa Mai Karɓa Asiri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana malaman firamare, musamman na nan Jos, kan wata al'ada da ta shigo makarantunmu: a sa yara su tara hatsi da tufafi a raba wa mabuƙata. Abu ne mai kyau, ni ma ina cikin masu yi. Sai dai karon farko na kwafsa, kuma gara in faɗa kafin wani ya taka inda na taka.

Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli, yanzu aji biyar nake koyarwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba sai an gaya wa malami halin da gidaje ke ciki ba. Yaron da ya saba zuwa da kuɗin tara ya daina. Kafin ƙarfe 11 kawuna sun kwanta a kan benci, kana bayani kana jin hamma ta ko'ina.

Sai muka yi shawara da hedimasta, kowane yaro ya kawo abin da ya sawwaƙa: gwangwanin masara, ɗan dankali, tsohuwar rigar sanyi. Aka tara buhu biyu da ɗoriya. Muka roƙi mai unguwa ya turo mana mata masu ƙaramin ƙarfi, aka kafa rumfa, aka jera su a layi, yara na miƙa leda, wani malami na ɗaukar hoto don a ɗora a Facebook. Mu dai murna muke, mun yi aikin lada.

Ashe a cikin layin akwai mahaifiyar wata ɗalibata. Yarinyar na tsaye riƙe da leda, ta ɗaga kai ta ga uwarta ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Wani yaro, ba da mugunta ba, ya ɗaga murya: "La, ga mamanki!" Ta ajiye ledar a ƙasa, ta zagaya bayan aji. Kwana takwas ba ta leƙo makaranta ba. Da na bi sawu har gida, uwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta ce, "Malama, mun ga abin arziki, Allah ya saka da alheri. Amma da kin aiko da dare." Na rasa bakin magana. Daga baya na gano cewa gwangwanin masarar da yarinyar ta kawo, rantowa uwar ta yi wurin maƙwabciya, don kada 'yarta ta zo hannu rabbana a yi mata dariya.

Kuskurenmu shi ne mun kwaikwayi makarantun 'ya'yan masu hali, waɗanda talauci baƙo ne a wurinsu, sai an shiga mota an je an gano shi. A makarantar gwamnati mai jin yunwar yana nan zaune a benci na uku. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli. In haka ne, wa ke bayarwa, wa ke karɓa a aji mai yara sama da hamsin? Ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ta soma a 2016 ma daga aji ɗaya zuwa uku ya tsaya, bai taɓa kaiwa ga 'yan ajina ba, kuma a farkon 2024 aka dakatar da shi.

Abin da ya fi ba ni kunya, muna da namu tsarin tun kaka da kakanni. Duk wanda ya tashi a Gangare ko Unguwar Rogo ya san ciyayya. Bayan magariba a ɗora wa yaro kwano a rufe ya kai maƙwabta, su ma su zubo nasu su maido a rufe. Mai nama a miya ya aika, mai kuka zalla ya aika, ba wanda zai ce ga gidan da ake tallafa wa. Kuma a ajina akwai Musulmi akwai Kirista, kowa an koya masa a gida cewa kada hannun hagu ya san abin da dama ta bayar. Mu masu takardar shaidar koyarwa ne muka manta.

Yanzu mun sauya. Buhu ɗaya ne a bayan ƙofar wani ɗaki, yaro ya shiga shi kaɗai ya fito, ba rajista, ba mai tambayar ka zuba ko ba ka zuba ba. Rabo kuwa wasu dattijai mata biyu na unguwa ke yi, da dare. Yara ba su san gidajen ba, ni ma ban san duka ba.

To ina darasin? Yana kasuwa. Na kwashi yara 12 muka je Farin Gada, suka ga yadda ake jibge tumatir da kabeji da suka soma lalacewa a gefe, ga wasu mata suna tsince na kirki daga ciki. Suka tambayi kuɗin mudun masara da na wake, suka rubuta. Da muka dawo na ba su lissafi: gida mai mutum bakwai, mudu nawa zai ci a wata, nawa ke nan, nawa zai rage daga naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi? Ban taɓa ganin ajin ya yi tsit a darasin lissafi kamar ranar ba. Wani yaro da ba ya cika magana ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to kuɗin haya fa?"

Tambayarsa ce ta kai mu ga maganar wurin kwana. Kowa ya san sanyin Jos a Disamba da Janairu, ruwan randa ma sai ka yi shahada kafin ka taɓa. Yaran sun sha ganin masu kwana a barandar shaguna wajen Taminus, sun lulluɓa da buhu da kwali, amma a zatonsu lalaci ne ko taɓin hankali. Sai na gayyato mahaifin wani ɗalibi, wanda ambaliyar 2012 ta cinye gidansa a Rikkos, ya ba su labarin yadda ya wayi gari daga shi sai rigar jikinsa. Muka yi maganar mutanen Mangu da Bokkos da rikicin 2023 ya raba da gidajensu, manoman da dankalinsu muke ci. Tun daga nan ban ƙara jin wani a ajin ya kira almajiri da sunan banza ba, a gabana dai.

Ba ina cewa buhunmu zai kori yunwa ba ne, kuma bai sauke wa gwamnati nauyin da ke wuyanta ba. Mu malaman ma ba a rasa mai jiran ƙarshen wata da bashin mai shago a kansa. Roƙona biyu ne. Hukumar ilimin firamare ta jiha ta hana ɗaukar hoton masu karɓar taimako a harabar makaranta, ta kuma hana tilasta wa yaro kawo wani abu. Ku kuma 'yan jarida, in an aiko muku da hoton mata a layi suna karɓar leda daga hannun yara, don Allah ku ajiye shi.

Bana rigunan sanyi muke tarawa, abin da ya samu na kuɗi kuma za mu ƙaro gwanjo a Katako kafin hunturu ya kankama. Yarinyar nan ta dawo, tana aji shida, ita ke ƙirga rigunan tana rubutawa. Har yau in ta hango malamin nan ya ɗaga waya, sai ta kauce.

Taku,
Wata malamar firamare,
Jos ta Arewa, Jihar Filato.