Ɗan maigidana ya mayar da zaman hannun jarinmu wurin tallan kirifto

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Ina daga cikin masu sauraron shirinka, yawanci a shago nake jinka idan kasuwa ta lafa. Na daɗe ina jin damuwar mutane ina cewa Allah ya kyauta, yau ga shi tawa ta kawo ni. Don Allah a sakaya sunana, domin duk wanda ya san layinmu zai gane da wa nake.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da yadi nake sayarwa. Shekara 11 na yi ina yaron shago a wurin wani dattijo, shi ya sallame ni da jari, shi ya tsaya mini a aurena. Baba Alhaji nake ce masa, kuma har gobe ba na iya zama a kujera idan yana tsaye. A 2017, lokacin da gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 don aikin hanyoyi, shi ya tara mu a zaurensa da ke Fagge ya ce adashi ya ishe mu haka, mu koyi ajiye kuɗi a inda zai haihu ba tare da kuɗin ruwa ba. Daga nan ƙungiyarmu ta samo asali. Yanzu mu 23 ne: 'yan Kwari, 'yan Singa, malaman makaranta biyu, wani tsohon ma'aikacin gwamnati, da mata uku. Kowa yana zuba naira 20,000 a wata, muna zama Lahadin farko ta wata bayan la'asar. Ni ne sakatare, littafin ma a hannuna yake.

Dokokinmu ba su da yawa, takarda ɗaya ce. Ba ma sayen hannun jarin kamfanin giya ko na caca ko bankin da ke cin ruwa. Ba ma ba kowa kuɗi sai ta hannun dillalin da ke da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Wanda zai janye kuɗinsa zai ba da sanarwar wata uku. Da haka muka sayi Dangote Cement da Jaiz, muka shiga MTN bayan an sa shi a kasuwar hannun jari a 2019, daga baya muka ƙara da BUA Foods. Ba wanda ya yi arziki dare ɗaya, amma duk shekara idan an yi rabon riba, akwai wanda da ita yake sayen ragon layya.

Matsalar ta faro ne a 2024, da ciwon ƙafa ya hana Baba Alhaji zama da mu, ya ce ɗansa da ya gama bautar ƙasa ya riƙa wakiltarsa. Yaron nan a gabana aka haife shi, na sha goya shi a babur zuwa Islamiyya, Yaya yake ce mini. Yana da ladabi kuma yana da kai. Lokacin ne ake tsakiyar mainin ɗin Hamster, wato wasan waya na tara kirifto (kuɗin intanet), shi ma yana ciki, ko'ina ka duba a Kano, daga mai shayi har yaran shago, kowa na dangwalar fuskar waya yana jiran ta fashe. Da ta fashe a watan Satumba aka ga abin da aka samu bai taka kara ya karya ba, na ɗauka ya huce. Ashe somin taɓi ne. Sai wani kirifton mai suna Pi ya biyo baya a Fabrairun 2025, daga nan kuma ya koma abin da yake kira tiredin, wato saye da sayar da kirifto.

Bari in ba ka misalin zama ɗaya, don ka ga yadda abin yake. A watan Mayun 2025 an fitar da sabon sukuk na naira biliyan 300, kuma kwanaki kaɗan ake bayarwa kafin a rufe. Na kira zaman gaggawa. An shimfiɗa tabarmi, an kawo ruwa, na buɗe littafi na fara karanta abin da ke asusu. Ban kai layi na uku ba ya ce, “Yaya, a yi mini uzuri, minti biyu kawai.” Ya miƙa wayarsa ga na kusa da shi. Wayar nan sai da ta zaga zauren kaf, kowa ya karɓa ya ƙura wa korayen lambobi ido, ya ce ikon Allah, ya miƙa gaba. Tsohon ma'aikacin nan har da ciro tabarau. Tambaya ta haifi tambaya, ni kuwa ina riƙe da biro kamar an dasa ni. Muna cikin haka aka kira magariba. Ba mu yanke komai ba, kafin in sake haɗa kan mutane an rufe. Wannan kuma wata guda kenan bayan rushewar CBEX, wata manhajar zuba jari a kirifto wadda ta tafi da kuɗin jama'a a faɗin ƙasar nan har EFCC ta shiga maganar. Da wani ya tuna masa, cewa ya yi waccan ta 'yan damfara ce, tasa daban.

Tun daga ranar haka muke. Zaman awa ɗaya da rabi, kirifto ya cinye awa guda. Mutum huɗu sun daina zuwa, sai dai su aiko da kuɗinsu. Ɗaya daga cikin malaman makarantar ya tare ni a bakin masallaci ya ce, “Sakatare, mu fa ba wannan ya tara mu ba.”

Malam, ba zan zalunce shi ba, wasu maganganun nasa suna da ƙafa. Yakan ce a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500, to ribar siminti nawa ce za ta cike wannan ramin? Wannan ni ma na gani a jikina, don da dala muke sayo kaya. Yakan ce hannun jarin da muke taƙama da shi ma ai ya karye a 2008, mutane da yawa sun yi kuka, kuma haka ne. Yakan kawo cewa Babban Bankin Najeriya da ya hana bankuna taɓa harkar kirifto a Fabrairun 2021 shi da kansa ya janye haramcin a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris ɗin 2025 ta sa harkar a ƙarƙashin SEC. Duk na bincika, bai yi ƙarya ba.

Abin da ba ya faɗa shi ne ragowar labarin. Bitcoin ɗin da ya kusa dala 69,000 a ƙarshen 2021 ya faɗo ƙasa da 17,000 cikin shekara guda. Dokar da yake ambata ita ce dai ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu shirya harkar a-kawo-mutum-a-ba-ka-riba, irin MMM da ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016. Kuma abin da yake tallatawa yanzu ba sayen Bitcoin ba ne ka ajiye, ka jure hawa da saukarsa. Wata manhaja ce da aka ce na'ura ce ke yin cinikin, kai dai ka zuba, kullum riba tsayayya, babu ranar faɗuwa. Ni shekarata 20 da wani abu a kasuwa, ban taɓa ganin hajar da ba ta da ranar faɗuwa ba. Na tambaye shi ina ofishinsu, ya ce a Dubai. Na ce suna da rajistar SEC? Ya ce ana kan hanya. Na ce idan mutum ya shiga da lambarka, kana da la'ada? Ya yi ɗan murmushi ya ce, “Yaya, ai ko a Kwari dillali yana cin la'ada.” Na ce ƙwarai, amma dillalin Kwari a gaban mai saye da mai sayarwa yake karɓar tasa, kuma idan yadi ya fito da tabo an san rumfar da za a same shi.

Yanzu ga inda nake jin kunya. Ni ma hannuna ba fari ba ne. Tun da canji ya yi wuya, nakan sayi USDT, kirifton da ke bin farashin dala, in biya wanda ke turo mini kaya daga Sin, don ya fi mini sauri a kan zaryar kasuwar canji ta Wapa. Kuma yaron nan shi ya buɗe mini asusun, shi ya koya mini. Ba kowa ya sani ba a ƙungiyar. Ran da na ɗan ɗaga murya na ce a koma kan abin da ya tara mu, sai ya dube ni a hankali ya ce, “To ai Yaya kai ma kana ciki.” Zauren ya yi tsit. A raina na san biyan kuɗin kaya daban, zuba kuɗin marayu a na'urar da ba a san mai ita ba daban, amma bakina ya mutu. Malamai ma na ji sun saɓa a kan halaccin kirifto, don haka ba na so in fake da addini in faɗi abin da ban da iliminsa.

Maganar marayu kuwa ba da wasa na kawo ta ba, ita ce ma ta sa na ɗauki biro. Cikin matan nan uku akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, tana sayar da kayan miya da man gyaɗa a gida. Gurbin mijin ta gada, kuma ba ta taɓa fashin zubi ba. Kasonta ya kai naira 640,000. Wata biyu da suka wuce ta aiko babban ɗanta da takarda, tana so a cire mata duka. Na je har gida, muka gaisa daga bakin ƙofa, na tambaye ta lafiya? Ta ce lafiya lau, ɗan Alhaji ne ya ce kuɗin zai ninka kafin azumi, tana so ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Na ce Hajiya kin san kamfanin? Ta ce, “Ni ina zan sani? Ai a zamanku ake maganar, kuma ɗan Alhaji ne. Da abin banza ne da kun hana.”

Wannan kalma ta hana ni barci. Ita ba wayar ta yarda da ita ba, zauren Baba Alhaji ta yarda da shi, da littafin da ke hannuna. Zomo kuwa ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Dokar wata uku ce kawai ta riƙe kuɗin nan zuwa yanzu, saura kwana 26. Haƙƙinta ne, in ta dage dole in ba ta.

Na yi ta juya abin. In kai ƙara wurin Baba Alhaji? Yana fama da hawan jini, kuma duk wanda ya je gaishe shi sai ya ba shi labarin yadda yaron ke cin kuɗi da waya, har ya canza masa katifa. Da wane baki zan ce masa ɗanka yana cin la'ada a kan mutanen da suka taru don girmanka? Tsohon ma'aikacin ya ba da shawarar a ƙara doka ɗaya a takardarmu: duk abin da ba hannun jari ko sukuk ba, ba a kawo shi a zama, kuma wanda ke da la'ada a wani abu ya bayyana kafin ya buɗe baki. Ta kwanta mini, sai dai kowa zai san don wa aka yi ta, kuma a zauren ubansa za a karanta. Wasu matasa uku da suka riga suka shiga sun ce in an yi haka su ma za su janye. Wani kuma ya ce a ba shi minti goma bayan an shafa fatiha, mai so ya tsaya. Ni ina ganin wannan tamkar mun buga masa hatimi ne, don Hajiya ba za ta bambance kafin fatiha da bayan fatiha ba. Har ajiye littafin na yi tunanin yi, matata ta ce in na ajiye, yaron za a miƙa wa.

Shi yaron ban ɗauke shi macuci ba. Na ga alama ya zuba nasa kuɗin har da na mahaifiyarsa, kuma da zuciya ɗaya ya yarda. Wannan ya fi ba ni tsoro.

To Malam, ta ina zan fara? In same shi mu biyu tukuna, ko in tafi da wani babba da yake jin nauyinsa? Ya halatta in ɓoye wa Baba Alhaji saboda lafiyarsa, ko ɓoyewar ita ce cin amanar? Game da Hajiya, iyakata in faɗa mata gaskiya in miƙa mata kuɗinta, ko akwai abin da ya wuce haka da ya hau kaina? Sannan harkar USDT ɗin nan tawa, in tashi a gaban kowa in bayyana ta kafin in kawo maganar doka, ko in daina ta gaba ɗaya don bakina ya buɗe? Zamanmu na gaba saura mako biyu, ina roƙon a taimaka a karanta wasiƙar nan kafin lokacin.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka,
Mai sauraro daga Kantin Kwari, Kano