A Sanya Fansho Cikin Kwantiragin 'Yan Ƙwallo

Ranka ya daɗe Edita,

Rahoton da jaridarku ta buga kan tsoffin 'yan ƙwallon da ke neman tallafin kuɗin magani ya nuna ciwon, amma bai taɓo tushensa ba.

Yawancin 'yan gasar Firimiya ta Nijeriya ba taurari ba ne. Ɗan wasa yakan sa hannu na kaka ɗaya, bana yana Kano, baɗi Gombe ko Aba, wani lokacin ma da ragowar kuɗin sa hannu da ba a biya shi ba. Da zarar jijiyar gwiwa ta tsinke, jinya kan kai wata tara, kwantiragi kuwa ya ƙare kafin ya warke. Ya haura shekara talatin, babu ajiya, babu takardar koyar da ƙwallo.

Dokar fansho ta 2014 ta tanadi ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10, a asusun da ke bin mutum duk inda ya koma. Wannan tsari ya dace da mai yawon kulob matuƙa. Ina kira ga hukumar gasar da kada ta yi wa kowane kulob rajista sai ya kawo shaidar zuba kuɗin kakar da ta wuce.

Ina kuma kira ga hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kano da ta nemi hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa (NFF) ta riƙa kawo kwas ɗin lasisin koyarwa na hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAF) filin Sani Abacha a lokacin hutun kaka, tun 'yan wasa na taka leda, domin kuɗin tafiya da masauki ne ke hana da yawansu zuwa.

Naku,
Mai bibiyar gasar Firimiya,
Ƙofar Mata, Kano