Wasiƙar Godiya ga Ofishin Yawon Buɗe Ido da Ya Kai Mu Riva da Sogut

Zuwa ga Manaja da dukkan ma'aikatan ofishin da ya shirya mana tafiya a Istanbul,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a saboda yabon gwani ya zama dole, kuma na san masu kallon shirin Ertugrul, mahaifin Usmanu wanda ya kafa daular Usmaniyya, da ke da niyyar zuwa Turkiyya ba kaɗan ba ne. Gara su ji daga bakin wanda ya je.

Yallaɓai, za ka tuna cewa abin da na nema a wurinku ɗan ƙarami ne: a kai ni da mahaifiyata inda aka ɗauki shirin, mu yi hotuna mu dawo masauki. Hajiya ta bi wannan shiri mai dogon zango tun daga farko har ƙarshe, ta san Turgut da Bamsi kamar 'ya'yan cikinta. Ma'aikacinku da ya karɓe mu bai yi saurin yanka mana tikiti ba. Sai da ya tambaya, wurin da aka yi wasan muke son gani, ko wurin da mutumin ya rayu? Ya ce wurare biyu ne daban, tsakaninsu tafiyar kimanin awa uku a mota, kuma baƙi da yawa suna komawa gida suna zaton sun ga garin Ertugrul alhali dandalin ɗaukar fim suka gani. Wani ofishin da kuɗinmu zai karɓa ya yi shiru.

Dandalin yana Riva, a gundumar Beykoz, ɓangaren Istanbul da ke nahiyar Asiya, kusa da gaɓar Bahar Aswad. Mun haye gadar Yavuz Sultan Selim wadda aka buɗe a 2016, sai birni ya ƙare, daji da tsaunuka suka fara. Nan na gane dalilin da ya sa masu shirin suka zaɓi wajen: kurmi, fili da ruwa duk suna kusa, ga shi babu dogayen benaye da za su faɗo cikin hoton ƙarni na 13. Tashar TRT 1 ta fara haska shirin a watan Disamba na 2014, ya ƙare a watan Mayu na 2019 bayan zango biyar da kashi 150, Mehmet Bozdag ne ya ƙirƙire shi, Engin Altan Duzyatan kuma ya fito a matsayin Ertugrul. Shirin Usmanu da ya biyo baya a tashar ATV daga Nuwamba 2019 shi ma a wannan yanki aka yi aikinsa, shi ya sa mai ziyara zai ga gine-ginen labaran biyu a haɗe.

Jagoran da kuka haɗa mu da shi ya cancanci a ware masa yabo na musamman. Ya shigar da mu tantunan Kayi, ƙabilar Ertugrul, ya nuna mana babban tantin shugaba inda ake zaman shawara, da maƙera, da kasuwa, da ganuwar da aka sha gwabzawa a gindinta. Ya sa na ƙwanƙwasa wani bango da nake ɗauka dutse ne, sai na ji sautin katako. Ya yi bayanin yadda ake canza wa gini ɗaya fenti da tutoci ya zama fadar wani sarki dabam, da yadda kyamara ke sa ɗan ƙaramin fili ya yi kama da sansanin dubban mutane. Ya kuma gaya mana cewa ƙwararrun mahaya daga Kazakistan ne suka horar da 'yan wasan kan sukuwa da faɗa a bisa doki. Na yi zaton sanin waɗannan sirrika zai rage wa Hajiya daɗin shirin. Ina! Cewa ta yi yanzu ne ma ta ƙara girmama masu aikin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya raba tarihi da ƙagaggen labari ba tare da ya raina ko ɗaya ba. Ya ce abin da aka tabbatar game da Ertugrul kaɗan ne ƙwarai, kuma daga cikin hujjoji mafi ƙarfi akwai wani tsabar kuɗi na zamanin Usmanu da ke ɗauke da sunan Usmanu ɗan Ertugrul. Yawancin abin da muke gani a talabijin marubuta ne suka cike gurbi. Ibn Arabi, wanda ke bayyana a shirin duk lokacin da jarumi ya shiga ƙunci, malami ne na gaske da ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma haɗuwarsu da Ertugrul aikin alƙalami ne. Hajiya ta ɗan yi musu a nan, don ba ta son a taɓa mata wannan ɓangaren. Jagoran bai ja da ita ba, ya yi murmushi ya ce, "Mama, labarin yana da daɗi a haka, ni dai amanar tarihi na sauke."

Washegari kuka kai mu Sogut a lardin Bilejik, inda kabarin Ertugrul yake. Ya rasu wajajen 1281, kuma ginin da ke kan kabarin a yau Sarki Abdulhamid na Biyu ne ya sabunta shi a ƙarshen ƙarni na 19. An nuna mana hudojin harsashi a ƙarafan tagogi, ragowar lokacin da sojojin Girka suka mamaye garin a yaƙin 'yancin Turkiyya, an bar su yadda suke da gangan. Masu gadi sanye da tufafin mayaƙan da can suna tsaye a ƙofa, kuma duk watan Satumba ana taron tunawa da Ertugrul. Garin ƙarami ne, ba hayaniya, ba ganuwar da za ta ɗauki ido irin ta Riva. A ganina duk wanda ya tsaya a dandalin fim kaɗai ya yi rabin tafiya ne, domin daga wannan ɗan gari daular Usmaniyya da ta kai har 1922 ta samo tushe.

Ku ne kuma kuka ba da shawarar mu biyo ta Bursa a kan hanyar dawowa, birnin da Usmaniyawa suka ci a 1326, inda kaburburan Usmanu da ɗansa Orhan suke a kan tudu. Ba ya cikin abin da na nema, amma ya ɗaure labarin tun daga kaka har jika.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a rubuta su a takardar yarjejeniya ba. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, kuma ƙasar dandalin ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Direbanku ya riƙa ajiye mu dab da ƙofa, jagoran kuma ya rage sauri ba tare da ya nuna ƙosawa ba. Lokacin salla bai taɓa wuce mu a mota ba, tun kafin mu yi magana an tsaya a masallaci. Ba a ja mu shagon kowa don a tilasta mana sayen tsaraba ba. Tun a ofis an faɗa mana cewa kada mu sa rai da ganin 'yan wasa, domin inda ake ɗaukar sabon aiki ba a barin baƙi su kusanta, kuma kuɗin da aka faɗa mana da farko shi muka biya a ƙarshe.

Ina roƙon Yallaɓai ya isar da gaisuwarmu ga jagoran da direban, ya kuma karanta musu wannan wasiƙa a gaban abokan aikinsu. Hajiya ta ce a gaya wa jagoran har yanzu ba ta yarda da shi ba a kan maganar Ibn Arabi, amma tana sa masa albarka. Allah Ya ƙara wa kasuwarku albarka, Ya tsare motocinku a hanya, Ya saka muku da alheri.

Wassalam,
Naku, baƙon da ya zo tare da mahaifiyarsa.